Ƙarfen da Ya Zo Maimakon Jibo

Garin Gawo, ta Gesheme
Ranar Talata

Zuwa ga Yaya Hindatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ƙanen nan da kika ce ba ki da shi. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da ɗiyanki, da zafin Yamai. Ki gaida mini Hafsat ƙarama, ki ce mata kawunta bai manta alkawarin ɗan akuya ba, akuyar ce ta manta ta haihu. Mu nan lafiya lau, sai kakarmu Inna Hure da ƙafafunta, zan zo kan wannan.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda. Tun ranar da na aiko miki saƙo ta waya da muryar Baba, na ce ki taho maza an sa mini ranar aure, kika hau mota har Dogon Dutsi kafin ki gane, kin rantse ba ki ƙara sauraren abin da ya fito daga bakina. Kina da gaskiya. Shi ya sa na jiƙa tawada na fere alƙalami. Kin san tun muna gaban Malam ban taɓa wasa da alƙalamin kara ba. In ajamin ya kwanta miki tun da kika shiga lakwal kika kama boko, ki tashe shi, domin maganar ba ta dariya ba ce.

Maganar Rumbun Ƙarfe ce. Wancan dai na bayan gidanmu, baƙin nan da ya fi ɗakin Inna tsawo, wanda muke zamewa kan gangaren samansa muna yara, muna tono baƙaƙen duwatsun nan daga lungunsa mu jefa a murhu su kama wuta da wari. Tun da anka kawo fanfon hasken rana da shato, tankin nan na sama, gari ya daina tara ruwa cikinsa. Bana ya bushe ƙayau. To, Yaya, ya fara ƙwanƙwasawa.

Kada ki ce mafarki, da rana tsaka ne, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, ko kaza ba ta yawo. Sai ki ji ƙwam daga can sama, wajen kusurwar gabas. Sai wani ƙasa da shi kaɗan. Sai wani ƙasa da wannan. Haka yake saukowa a hankali kamar mai sauka daga tsani, har ya kai gindi. Ya yi shiru. Sai ya koma sama ya sake.

Gari duka sun ce ni ne. Ba ni da bakin musu, tun da ni na shiga ciki bara waccan na yi wa masu shanyar kuɓewa kukan jariri har Habsatu maƙwabciyarmu ta bar takalminta. Baba ya ɗauko sanda ya tsaya jiran in fito. Ina tsaye bayansa ina cin gyaɗa abin ya buga. Ya juyo ya gan ni, ya dubi ƙarfen, ya sake dubana, ya ce to igiya na ɗaura. Na hau na buɗe murfin na shiga a gabansa don ya gani. Babu igiya, babu ƙadangare, babu komai sai tsatsa da zafi. Amma akwai wari. Warin baƙaƙen duwatsun nan in suna ci, sabo, kamar yanzu anka kashe wutar. Na fito ban yi dariya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata mutane.

Yanzu kowa da nasa bayani. Wata tsohuwa 'yar bori daga wajen Lugu ta zo ta zagaya shi ta ce doguwa ce ta tare, a ba ta baƙar akuya. Samari na cewa kayan Nasaran da sunka ƙone Lugu ne, kamar da jakai za a jawo wanga abu. Inna Hure kuwa maganarta guda ce tun kafin a haife mu: shi ya aiko. Ba ta faɗin sunan, kin sani. Kakanmu Jibo ya tafi aiki Nijeriya, wata rana bayan shekarun babbar yunwa ƙatuwar mota ta sauke ƙarfen nan, direba ya ce mai shi yana tafe baya. Baba yana goye a lokacin. Yau Baba na da furfura, na bayan bai iso ba.

Baba ya ce ya gaji. Ya aika a kira Sani mai gwangwan na Dogon Dutsi ya zo ya yayyanka shi ya kwashe. Ya ce abin da uban da ya gudu ya aiko maimakon kansa ya daɗe a bayan gidansa haka nan.

Ga abin da ban lura da shi ba sai yanzu. Ko bayan da gari ya daina, ita Inna kullum da safe sai ta zuba ƙwarya guda ta bakin bututun nan na gefe, ta rataye ƙwaryar a ƙugiyar da ke kusa da matakala. Da ƙafafunta sunka ƙi, ta daina. A makon da ta daina abin ya fara.

Jiya na shiga wurinta da wasanmu na kullum, na ce matata, ki rabu da mai ƙarfen nan, ga ango a gida kina ta wahala. Ba ta jefe ni da mafici ba. Ta ce in zauna. Ta ce bugun bai ba ta tsoro, mutuwa ma tana jin takunta kuma ba ta ba ta tsoro. Abin da ke damunta shi ne ta tafi ba ta san ko ita wace ce ba: matar mai rai, ko wadda mijinta ya mutu ba ta yi masa takaba ba, ko wadda anka yar. Limamai sun sha gaya mata shari'a ta sake ta tuntuni, ta ƙi ji. Ta kama hannuna ta ce, "Angona, kai da ba ka da aiki sai shiga inda ba a aike ka ba, yau na aike ka."

Ban san ta inda zan fara ba. Ki sa mu a addu'a. Kowa na gaishe ki.

Ƙanenki,
Rufa'i


Garin Gawo
Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Hindatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, takardarki ta iso, Musbahu ɗan lakwal ya karanta mini tun da da boko kika rama. Na gode da maganin shafawa, Inna ta ce yana da ƙamshi, ƙafafun dai ba su ji ba. Ki gaida maigidanki. Na ji bayaninsa cewa ƙarfe in ya bushe rana ta dake shi yana miƙewa ya yi ƙara. Mai yiwuwa haka ne, ina ma haka ne. Ki tambaye shi dai ko rana ta iya sauka daga tsani.

Sani mai gwangwan ya zo. Na ɗauka da zuwansa zai fara yanka, ashe mutum ne mai son sanin abin da zai kashe. Ya zagaya, ya tona yashi a gindin, ya kwanta ruf da ciki ya leƙa, ya fito da farin ƙasa a gemu. Ya nuna mana wuraren da ya ce da akwai ƙafafu anka cire, da wani ƙaton ƙarfe a baya da ya ce na haɗi ne. Ya ce wanga ba rumbu ba ne, ba a yi shi don zama wuri guda ba. Taragon jirgin ƙasa ne, irin na dauri masu hayaƙi, wanda ke bin kan jirgin yana riƙe masa ruwa da kwal. Gangaren da muke zamewa a kai wurin kwal ne, baƙaƙen duwatsunmu su ne kwal ɗin.

Yaya, mun zauna da jirgi a bayan gida tun kafin a haife mu muna shanyar kuɓewa a kansa. A cikin waɗanda sunka taru babu wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya, har Inna, wadda ta san dai mijinta aikin jirgi yake, amma a ranta abu ne kamar kwalekwale.

Sani ya ce kowane irin wannan yana da lamba a jikin farantin tagulla, da ita ake gane daga inda ya fito. Ya nemo wurin, ya samu ramukan ƙusa, babu faranti. Kin san inda yake? Munduwar da ke hannun Inna. Ta ce a damina ta farko farantin ya kwance ya faɗo, ta ga tagulla mai kyau, ta ce tsarabarta ce ya liƙa mata a jiki don kada direba ya sace. Ta kai wa maƙeri ya narkar. Sani ya riƙe kai. Ni kam na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, har Inna ta samu ƙarfin jifana da mafici.

Duk da haka ya ce bakin layin dogo mafi kusa da mu shi ne Ƙauran Namoda, kuma akwai unguwar tsofaffin ma'aikatan reluwe a can, in akwai mai sauran numfashi da ya san wani Ba'are, mutumin yankinmu na Arewa, cikinsu, can yake. Motarsa za ta kai kaya Gusau, ya ce in ina so in hau bisa. Amma ya gaya wa Baba a gabana cewa da dawowarsa zai zo da tulunan iskar yanka, domin in ruwan farko ya sauka babbar mota ba ta shigowa garinmu sai kaka.

Baba bai hana ni ba, bai kuma sa mini albarka ba. Ya ce in na je in gaida ƙannensa da uban nasa ya haifa a can, in ce su riƙe shi. Yana faɗi yana gyaran kalmensa na noma, ya daki yatsansa bai ko duba ba. Ban taɓa tunanin abin yana cinsa haka ba. Mu muna ganin wurin wasa, shi kullum ya fito gida da abin yake fara yin ido huɗu.

Bugun yana nan, har ya ƙaru. Da sau biyu yake saukowa ya bari, yanzu sai an kira azahar. Shekaranjiya na je na jingina kunnena a jikin ƙarfen, ina so in kama shi kamar yadda ake kama ni. Ya sauko, ya sauko, da ya zo daidai kunnena na ji shi cikin haƙorana. Daga waje ake bugun, Yaya. Daga gefen da nake tsaye.

Inna ta rame. Fura kaɗai take sha. Da na je sallama ta ce ta san ni, kada in je in zauna gindin wata bishiya in ƙago mata labari mai daɗi in kawo. Ta ce in ya yi aure ne in faɗa mata, in ma ya manta sunanta ne in faɗa mata, ta iya ɗauka. Na ce matata, in na same shi da rai ni da shi ne, sai na ƙwace ki a gaban alƙali. Ta yi murmushi kaɗan.

Hanyar kin san yadda take yanzu, ba a yin ta sai da rana da addu'a. Kada ki gaya wa Inna haka in kin kira. Ki gaida Hafsat.

Naki,
Rufa'i


Ƙauran Namoda
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Hindatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki daga ƙasar mutane, da fatan ku duka kuna lafiya. Na iso lafiya, ban da bayana da ya koma shatin tsofaffin injina. Zan ba wani mai zuwa Kwanni takardar nan ya sa miki a mota, mai yiwuwa in riga ta isa gida, amma ba na iya riƙe abin a cikina har can.

Na ga layin dogo. Na hau na yi tafiya a kansa ina rangaji, yara na mini dariya. Na ga matattun taragu a tasha ciyawa ta fito ta cikinsu, amma babu irin namu. Mai shayi ya tura ni wurin mai faci, mai faci ya tura ni wani masallaci, a nan anka nuna mini Malam Abdulmajid, wanda ya tuƙa jirgin hayaƙi a zamaninsa. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari, hotunan da na ɗauko a waya ba su yi mini amfanin komai ba.

Na ce ina neman labarin wani Jibo Ba'are. Sai ya tambayi lambar taragon. Na ba shi labarin munduwa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce to in gaya masa, a gefen hagu akwai faci mai faɗin tabarmar salla? Na ce akwai. Ya ce kusa da matakala akwai ƙugiya ta waya mai kauri, an murɗe ta da hannu, ba aikin kamfani ba? Na ce akwai, kakata ke rataye ƙwarya a kai. Ya ce wurin rataye butar Jibo ne. Sai ya lalubo fuskata da hannunsa ya shafa, ya ce goshin Jibo ne.

Kakanmu shi ne mai wutarsa. Shi ke ɗibar kwal da shebur yana ba jirgin, shi ke kula da ruwa. Ban gaya masa maganar bugu ba, Allah ne shaidata, kunya nake ji kada ya ce mutanen Arewa da iskokinsu. Tambayarsa kawai na yi yadda aikin yake. Sai ya ce in kai shi wurin duron alwala. Ya ɗaga sandarsa ya buga a sama. Ya sauko kaɗan ya buga. Ya sauko ya buga.

Yaya, sai da na zauna a ƙasa.

Ya ce ma'aunin ruwan taragon nan bai da gaskiya, don haka Jibo bai yarda da shi ba. Kafin kowace tafiya sai ya bi jikin da ƙotar shebur daga sama zuwa ƙasa. Inda babu ruwa ƙarfe yana amsawa da ƙara, inda ruwa ya fara sai muryar ta mutu. In a cike yake, bugu guda a sama ya isa. Kuma doka ce, direba ba ya tashi sai mai wuta ya ce ruwa ya cika, ko wa ke jira. Ya ce Jibo da Fulatanci yake faɗi, kalma guda da ya iya, duk tasha na masa dariya, Ba'are da yaren taubasansa.

Sauran labarin ga shi. Da anka kawo jirage masu shan gas, anka jingine na hayaƙi za a sayar wa masu yanka, Jibo ya ɗauki duk abin da anka sallame shi da shi ya sayi taragon jirginsa. Abokansa sun ce ya haukace. Ya ce garinsu rijiya da asuba kaɗai take kawo ruwa kuma babu wurin tarawa, ya ce a shekarar fari ya rasa ɗiyarsa ta fari, Raihana. Kin taɓa jin Baba yana da yaya mace? Ni ban taɓa ji ba.

Ranar da anka cire ƙafafun ana ɗora shi bisa mota, wani gungumen da anka tokare da shi ya karye, kusurwar ta same shi a ƙirji. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce ba komai. Ya yi azahar a tsaye. Ya ce wa direba ya wuce, shi zai huta ya haɗa kayansa, a gaya wa mutanen gida yana tafe baya. Motar ta tashi yana ɗaga mata hannu. Washegari ya fara aman jini, kafin la'asar ya cika.

Babu wanda ya yi ƙarya, Yaya. Ba shi ba, ba direba ba. Mutanen nan sun san dai Arewa ta ƙasar Faransa, ba su san sunan gari ba. Sun ba fataken shanu saƙo, ashe bai isa ba. Da na gaya wa Malam Abdulmajid cewa matar tana nan tana jira, ba ta yi aure ba, ba ta yi takaba ba, sai ya juya fuskarsa ga bango. Daga baya ya sa jikansa ya ja shi munka je maƙabarta. Babu alama, amma ya san gefen, akwai bishiyar dogon yaro a wurin yanzu. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Muryata ta ƙi fita daidai, ni da ke da muryoyi sun fi na kasuwa.

Na ɗauki maganarsa duka a waya. Sai a hanyar masauki na tuna, wa zai yarda da muryar tsoho daga wayar Rufa'i?

Gobe zan kamo hanya. An ce hadari ya fara taruwa yamma.

Ƙanenki,
Rufa'i


Garin Gawo
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Hindatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. Na iso gida lafiya. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ajiye.

Na tarar Sani ya riga ni, tulunan iskarsa na jingine a gindin gawo. Baba na fara samu. Na kunna masa maganar Malam Abdulmajid, ya saurara kaɗan ya miƙo mini wayar, ya ce madalla, yanzu har tsofaffin Nijeriya na iya. Ban taɓa jin zafin halina kamar ranar ba. Na bar shi na shiga ɗakin Inna, ya biyo ni ya tsaya bakin ƙofa, wai kada in kashe masa uwa da ƙarya.

Na ajiye wayar na faɗa mata da bakina, yadda na rubuta miki, ban rage ba ban ƙara ba. Tana kwance tana duban rufi. Da na kai kan ɗiyar da ya rasa na ce Raihana, sai na ji Baba ya zauna a dokin ƙofa. Ashe ya san da ita, Inna ta taɓa nuna masa kabarinta, kuma bai taɓa faɗa wa kowa sunan ba. Ita Inna sai da na gama ta tambaye ni wace kalma ce yake faɗi in ruwa ya cika. Na ce heewi, ya cika ke nan da yarensu na Fulani. Ta rufe ido. Ta ce tana amarya, in tana tatsar saniyar da ubanta ya ba ta, yakan tsaya kanta yana tsokanarta wai ƙwaryar ba ta cika, ita kuma ta ɗaga masa ta faɗi haka. Shekarun da sunka yi tare ita kaɗai ya koya.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, to me muke jira, mutum na ta tambaya ba a ba shi amsa ba.

Ta aika ruga a kira Modibbo ɗan ƙanenta, ya zo da shanun jan guga. Ya shigo gari yana cewa Arawa an yi abin kunya, kun samu jirgi kun mai da shi faifan shanya. Na ce gara mu, ku da kun samu da kun ɗaure shi a turke kuna jiran ya haihu. Daga nan ba a ƙara wasa ba. Shanu na ja a tsohuwar rijiya, amalanke na kawo bido-bidon ruwa, jarkokin nan, daga shato, mata da kwanoni, har Habsatu da ta rantse ba ta ƙara kusantarsa. Ya yi ɗiga a wasu wurare, Sani da kansa ya toshe da kwalta, mutumin da ya zo yanka. Cikin ƙarfen nan kamar ba ya da iyaka. Muna aiki yana bugunsa da rana tsaka, amma kullum saukowar tana gajarta, yana tsayawa daidai inda ruwa ya kawo. Kowa ya ji. Bokitin ƙarshe Baba ne ya karɓa daga hannuna ya hau da shi da kansa.

Shekaranjiya ke nan. Munka ɗauko Inna a tabarma munka sa ta inuwar gawo. Gari duka na tsaye. Na sa hannuwana bisa kaina don kowa ya gani. Da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa sai ya buga. Guda ɗaya, can sama, da murya mai nauyi wadda ba ta amsawa. Munka jira na biyu. Munka jira har anka kira azahar. Inna ta faɗi kalmar nan a hankali. Ni ban ji komai bayan wannan ba, Baba ma ya ce bai ji ba, amma shanun Modibbo duka sun ɗaga kai lokaci guda sun dubi gabas. Ki gaya wa maigidanki ruwa ya sanyaya ƙarfen, ba zan yi musu da shi ba.

Ta ce a cire mata munduwar. Ta ƙi wuce gaɓoɓin hannun, sai da man shanu. Ta ba Baba ya rataye a ƙugiyar. Ta sa anka kira liman, ta ce a yi wa Jibo addu'a. Da bakinta ta faɗi sunan, Yaya, a gaban mutane, na ga matan gari sun sunkuyar da kai. Liman ya ce mata kwanakin takaba sun wuce tun Baba na rarrafe, babu komai a kanta. Ta ce a wurinta yau ya rasu. Ta sa farin zane. Ni kuma ta ce kada in ƙara ce mata matata sai ta fita, in ina so in bi layi.

Baba ya sallami Sani da buhun hatsi da haƙuri. Jiya ruwan farko ya sauka.

Yau da safe ta kira ni, da sunana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce kullum in duba ruwan, kada in bari ya ragu ko da tafin hannu. Na ce ai mai bugun ya samu abin da yake nema, ya wuce. Ta dube ni kamar yadda take dubana in na faɗi wauta. Fuskarta ta yi wani haske, ta sa an yi mata kitso, ta ɗaure 'yan kayanta a ƙullin zane ta ajiye kusa da kanta.

Ta ce, "Wa ya ce maka ya wuce? Cewa ya yi ya cika. Saura a shiga jirgi."

Yaya, ki taho. Ki zo da Hafsat ta gan ta. Na san na taɓa ce miki ki taho maza, amma ki dubi abin da na rubuta wannan da shi. Kada ki jira motar Juma'a.

Ƙanenki,
Rufa'i